Gudun furosesa da tsimin batir: wane saiti ya dace da kwamfutarka?

Lambar da aka rubuta a jikin kwalin kwamfuta, 2.8 GHz ko 4.7 GHz, ba ita ce gudun da furosesa ke yi duk yini ba. Buɗe Task Manager a Windows, ka shiga shafin da ke nuna CPU, ka zuba wa lambar gudun ido na minti ɗaya ba tare da ka taɓa komai ba. Za ka ga tana ƙasa, wataƙila ba ta kai 1 GHz ba. Ka buɗe burauza, sai ta yi tsalle ta haura 4, ta ɗan tsaya, ta sake gangarowa. Wannan hawa da sauka ba lalacewa ba ne, haka aka tsara abin. Tambayar da ke gaban mai kwamfuta ita ce: wa ke yanke shawarar hawan da saukan, kuma da wace ƙa'ida?

A Linux an ba ka zaɓi tsakanin waɗanda ake kira gwamnoni, wato ƙa'idojin da ke yanke gudun da furosesa za ta yi a kowane lokaci: performance, powersave, ondemand, conservative, schedutil da userspace. A Windows kuma akwai Balanced, Power saver da High performance, ga kuma saitin Power mode da aka ƙara daga baya. Sunayen na sa mutum ya ɗauka zaɓi biyu ne kawai, ko gudu ko tsimi. Ni a ganina wannan ɗaukar ce ke sa mutane da yawa su zaɓi abin da zai cuce su: wani ya ɗaure furosesarsa a ƙasa yana jiran batir ya ninka, wani ya ɗaure ta a sama yana jiran gudun da dama can yana samu. Wutar da ake ɓarnatarwa tana wurare biyu ne, can ƙololuwar gudu da kuma lokacin da furosesa ta kamata ta yi barci ba ta yi ba. Wanda ya gane wannan, zaɓin zai zo masa da sauƙi.

Me ya sa ƙarshen gudu ke da tsada

Wutar da furosesa ke ci yayin aiki tana tafiya da abu biyu: yawan bugun agogonta a daƙiƙa, da boltej ɗin da ake ba ta. Amma ba daidai suke ja ba. Idan bugu ya ninka, cin wuta ya ninka. Idan boltej ya ninka, cin wuta ya ninka sau huɗu, domin ana lissafa shi ne sau kansa. Nan gizo ke saƙa, saboda furosesa ba ta iya ƙara gudu sosai sai an ƙara mata boltej, in ba haka ba lissafinta ya rikice.

Ɗauki misali don a ga yadda abin yake. A ce furosesa tana 3 GHz da bolt 1.0, kana so ta kai 4 GHz, ita kuma sai an ba ta bolt 1.2. Gudu ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, wato 1.33. Boltej sau kansa ya ba da 1.44. Haɗa su, ka sami kusan 1.92. Wuta ta kusa ninkawa, gudun da ka samu kuwa sulusi ne kawai. Kowane aiki da ta gama a wannan gudun ya ci wutar da ta ɗara ta da da kashi 44 cikin 100, kuma duk wannan wutar zafi take komawa, wanda fanka za ta yi ta faman fitarwa.

Ta ƙasa kuma labarin ya sha bamban. Akwai iyakar da boltej ba ya sauka ƙasa da ita. Da zarar an kai nan, rage gudu ba ya kawo ragin nan mai yawa, ga shi kuma taransisto suna yoyon wuta muddin suna kunne, ko suna aiki ko ba sa yi. Allo na ci, ma'adanar wucin gadi na ci, faifai da na'urar Wi-Fi na ci. Aikin da ya ja lokaci yana ja da duk waɗannan tare da shi.

Kamfanonin furosesa sun daɗe da sanin haka. Intel ta fito da SpeedStep a shekarar 2000 a kan Pentium III na laftof, wanda matakai biyu kawai yake da su, ɗaya na lokacin da aka jona caja, ɗaya na batir. AMD ta kawo PowerNow! a daidai wannan lokacin, sannan Cool'n'Quiet ya zo da Athlon 64 a kwamfutocin tebur. Ƙa'idar ACPI, wadda ta fara fitowa a 1996, ita ce ta ba babbar manhaja, wato irin su Windows da Linux, hanyar magana da waɗannan matakai. A 2008 Intel ta ƙara Turbo Boost, wanda ke barin furosesa ta wuce gudunta na asali muddin zafi da wuta ba su kai iyaka ba. Wannan turbo ɗin shi ne yankin da lissafin da muka yi a sama ya fi cizo.

Kafin ka zaɓi gwamna, duba wa ke riƙe da linzami

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowane muhimmanci. A Linux, buɗe tagar umarni ka rubuta:

`cat /sys/devices/system/cpu/cpu0/cpufreq/scaling_driver`

Amsar kalma ɗaya ce, sunan direba, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa gudun furosesarka, amma ita ke faɗa maka ma'anar duk sunayen da za su biyo baya. Idan ka ga `acpi-cpufreq`, `intel_cpufreq` ko `amd-pstate`, to gwamnonin Linux na gama-gari ne ke aiki, kuma kowane suna yana nufin abin da ya faɗa. Idan kuwa ka ga `intel_pstate` ko `amd-pstate-epp`, gwamnoni biyu kacal za a nuna maka, performance da powersave, kuma wannan powersave ɗin ba shi ne wancan ba.

A tsarin gama-gari, powersave na nufin a ɗaure furosesa a mafi ƙanƙantar gudunta, kome nauyin aikin da ya zo. A ƙarƙashin `intel_pstate` da `amd-pstate-epp` kuwa, powersave na nufin a bar gudu ya riƙa hawa da sauka gwargwadon aiki, har zuwa ƙarshen turbo in an buƙata. Suna ɗaya, hali biyu da suka yi hannun riga. Sau da yawa mutum kan duba laftof ɗinsa sabuwa ya ga powersave, hankalinsa ya tashi, ya ɗauka an daƙile masa na'ura, ya yi maza ya mayar da ita performance. Alhali saitin da ya tarar shi ne daidai, shi ne kwatankwacin Balanced na Windows. Akasin haka ma na faruwa: mai tsohuwar kwamfuta da ke kan `acpi-cpufreq` ya karanta cewa powersave ba ya rage gudu, ya saita shi, ya wayi gari na'urarsa na rarrafe a 800 MHz.

Dalilin wannan bambanci tarihi ne. Direban `intel_pstate` ya shiga Linux 3.9 a 2013. A 2015 kuma, da furosesocin Skylake, Intel ta kawo Speed Shift, inda furosesar da kanta ke zaɓen gudunta, domin tana ganin abin da ke faruwa a cikinta cikin kusan milisakan ɗaya, lokacin da babbar manhaja kan ɗauki milisakan 10 ko fiye kafin ta leƙa. AMD ta bi irin wannan hanya: `amd-pstate` ya shiga Linux 5.17 a 2022 don furosesocin Zen 2 zuwa sama, sannan yanayin da furosesa ke jan ragamarta ya zo a 6.3 a 2023. Kafin nan, ta hanyar `acpi-cpufreq`, matakai uku kawai babbar manhaja ke gani a waɗannan furosesocin na AMD.

Saboda haka kwamfutoci sun kasu biyu. A wasu, babbar manhaja ce ke ba da umarni, kuma zaɓen gwamna shi ne komai. A wasu, furosesa ce ke yanke hukunci, kai kuma abin da ya rage maka shi ne ka gaya mata wane ɓangare kake so ta karkata.

Idan linzami na hannun babbar manhaja

Performance yana riƙe gudu a sama koyaushe. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, wannan bai hana furosesa barci ba. Matakan gudu daban, matakan barci daban. Furosesa na da ƙwayoyi da yawa a cikinta, kowacce na aikinta, kuma ƙwayar da ba ta da aiki tana shiga barci mai zurfi, a tsayar mata da agogo, a wasu matakan ma a yanke mata wuta gaba ɗaya, ko da gwamna performance ne. Shi ya sa a kwamfutar da ke zaune ba ta komai, bambancin cin wuta tsakanin performance da sauran bai kai yadda ake zato ba. Inda yake cin batir shi ne a ƙananan ayyukan da ba sa ƙarewa: shafin intanet mai talla da ke motsi, manhajar hira da ke leƙa saƙo, waƙar da ke tashi a baya. Kowane ɗan aiki sai an yi shi da mafi tsadar boltej, alhali ba ya buƙata.

Powersave na gama-gari shi ne wanda zan ce a guje shi, sai dai da dalili na musamman. Bari mu ƙaddara lambobi don a ga hujjar. A ce laftof ce da allo da sauran kayanta ke cin wat 5, kana da aikin da za ka gama ka rufe ta. Da turbo, furosesa na cin wat 30, aikin ya ƙare a minti 10: wat 35 sau 10, an ci 350. Ba turbo, a gudunta na asali, tana cin wat 15, aikin ya ɗauki minti 13: wat 20 sau 13, an ci 260. A ɗaure a ƙasa, tana cin wat 4 kacal, amma aikin ya kai minti 45: wat 9 sau 45, an ci 405. Wanda ya fi kowa kama da mai tsimi shi ya fi kowa ɓarna. To a ce ba rufe ta za ka yi ba, dama za ta zauna a kunne har minti 45 ɗin. Mai turbo ya koma 525, mara turbo 420, ɗaurarre yana nan a 405. Ya yi nasara da 15 kacal, kai kuma ka biya da jiran fiye da rabin awa. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Lambobin kowace na'ura daban ne, amma siffar lissafin ba ta cika canzawa ba: ribar tana tsakiya.

Ondemand, wanda ya shiga Linux a 2004, shi ya daɗe yana riƙe da wannan tsakiyar. Yana leƙa furosesa lokaci-lokaci, idan ya ga nauyin aiki ya wuce wani ma'auni sai ya cilla ta sama kai tsaye, idan aiki ya lafa ya sauko da ita. Conservative ƙaninsa ne da ya zo a 2005, yana hawa da sauka taki-taki, kashi 5 cikin 100 a kowane mataki in ba a canza ba. An yi shi ne don na'urorin da tsalle ɗaya daga ƙasa zuwa sama ba ya yi musu daɗi. A kwamfutar yau, abin da za ka fi ji daga gare shi shi ne ɗan nawa duk lokacin da ka danna abu, ribar batir kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Schedutil, na Linux 4.7 a 2016, ya canza tushen abin. Ondemand kamar mai gadi ne da ke zagayowa duk bayan wani lokaci ya leƙa ta taga ya ga ko ana aiki. Schedutil kuwa a cikin ɗakin yake zaune, domin daga mai raba wa ƙwayoyin furosesa aiki yake karɓar bayani kai tsaye. Idan wani aiki mai nauyi ya tashi daga wannan ƙwaya ya koma waccan, tarihin nauyinsa na bin sa, sabuwar ƙwayar ba sai ta fara koyo daga farko ba. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: yana ba da gudun da ya ɗara buƙata da kashi ɗaya cikin huɗu, ta yadda aikin da ya cika kashi 80 cikin 100 na ƙarfin ƙwaya zai kai ta ƙarshen gudu. Yana kuma ɗaga gudu idan ya lura aiki na yawan jiran faifai. A furosesocin ARM masu haɗa manya da ƙananan ƙwayoyi, shi ne wanda aka gina tsarin rabon aiki mai la'akari da wuta a kansa.

Tsakanin ondemand da schedutil, ni schedutil zan fara da shi, domin shi ake ci gaba da gyarawa kuma shi ya san abin da mai raba aiki ke ciki. Amma ba zan ce ondemand ya mutu ba. A wasu tsofaffin furosesocin da canza gudu ke ɗaukar musu lokaci, za ka iya tarar da ondemand ya fi santsi a hannu, kuma yana da ma'aunai da za ka iya murɗawa, irin su `up_threshold` da `sampling_down_factor`, wanda ke sa shi ya daɗe a sama kafin ya sauko. Idan na'urarka na tafiya lafiya a kansa, babu abin da zai sa ka tashe ta.

Userspace kuwa na mai gwaji ne da ke son ya kafe gudu a lamba ɗaya da hannunsa. Ba na amfanin yau da kullum ba ne.

Idan furosesa ce ke jan ragamarta

A nan bar gwamna a powersave, ka koma kan wannan fayil ɗin:

`/sys/devices/system/cpu/cpu0/cpufreq/energy_performance_preference`

A ciki za ka tarar da ɗaya daga cikin `performance`, `balance_performance`, `balance_power` ko `power`. A can ƙasa lamba ce daga 0 zuwa 255 da ake miƙa wa furosesa: 0 na nufin kada ki ji tausayin wuta, 255 na nufin ki yi tsimi iyakar iyawarki. Ba umarnin gudu ba ne, nuni ne na yadda za ta yi saurin hawa da yadda za ta yi jinkirin sauka.

Biyun tsakiya su ne inda zaɓin gaske yake. Da `balance_performance`, furosesa na zabura da ɗan ƙaramin dalili, shafi na buɗewa nan take, fanka kuma na iya tashi ko da ba wani babban aiki kake ba. Da `balance_power`, tana jira ta tabbata aikin na gaske ne kafin ta hau, kuma ba ta cika kai wa ƙololuwa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wanda ke rubutu, karatu, ko kallon bidiyo da ƙyar zai ji bambanci a yatsunsa, amma zai ji shi a tafin hannunsa da ke kan laftof, domin wurin ba ya ɗumi kamar da. Tsarin da na fi yarda da shi a laftof shi ne `balance_performance` idan caja na jone, `balance_power` idan an cire ta. Shi `power` na lokacin da batir ya yi ja ne kuma babu inda za a jona. A nan nawar tana fitowa fili.

Idan ka sa gwamna performance a wannan tsarin, direban zai mayar da waccan lamba 0, ya kuma ture furosesa zuwa saman iyakarta. Ga laftof a kan batir, ban ga abin da wannan ke saya maka ba wanda `balance_performance` bai ba ka ba.

Kashe turbo: zaɓin da ba ya cikin jerin gwamnoni

Wanda damuwarsa zafi ne, ko ƙarar fanka, ko batir da ke zubewa lokacin aiki mai nauyi, wannan ya fi kowane sauyin gwamna tasiri, domin kai tsaye yake yanke yankin nan mai tsada ya bar sauran hawa da sauka yadda suke. A `intel_pstate` ana rubuta 1 a cikin `/sys/devices/system/cpu/intel_pstate/no_turbo`. A `acpi-cpufreq` ana rubuta 0 a cikin `/sys/devices/system/cpu/cpufreq/boost`.

Amma a duba kafin a yanke. Akwai furosesocin laftof sirara da gudunsu na asali bai kai 2 GHz ba, turbo kuma ya haura 4. A irin waɗannan, idan ka kashe turbo, fiye da rabin ƙarfin ƙwaya ɗaya ya tafi, kuma za ka ji shi a kowane danni. Gara ka sa rufi a tsakiya, misali da `cpupower frequency-set -u 3.0GHz`, ka bar mata wurin zabura ba tare da ta kai inda boltej ke haukacewa ba. A furosesar da tazarar asali da turbo ba ta da yawa, kashe shi gaba ɗaya ba ya ciwo.

Akwai kuma nau'in aikin da turbo ba ya taimaka wa ko kaɗan. Dabarar a yi sauri a gama a koma barci tana aiki ne ga aikin da ke da ƙarshe, kamar harhaɗa manhaja ko matse fayil. Kiran bidiyo ba ya ƙarewa da wuri don furosesa ta yi gudu. Hoto na zuwa ne a kan lokacinsa, sau 30 a daƙiƙa ko makamancin haka, ko ta yi sauri ko ba ta yi ba. Haka aikin da ke jiran intanet ko faifai. A irin waɗannan, gudun da ya wuce buƙata zafi ne kawai.

Windows da macOS

A Windows abin da ke ƙarƙashi ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. Balanced na barin furosesa ta sauka har kashi 5 cikin 100 ta kuma hau har ƙarshe. High performance na ɗaga mafi ƙarancin zuwa 100 idan wuta na jone, wato ɗan'uwan performance na Linux. Ultimate Performance, da ya zo a 2018 don manyan kwamfutocin aiki, ƙari ne a kan wannan, kuma ba don laftof aka yi shi ba. A yawancin laftof na yanzu ma Balanced kaɗai za ka gani, sai saitin Power mode mai matakai uku a Windows 11, wanda a furosesocin zamani yake murɗa irin waccan lamba ta karkata da muka gani a Linux. Shawarar ba ta canza ba: Balanced, da matakin tsimi idan kana kan batir.

Tsohuwar dabarar mayar da Maximum processor state zuwa 99 don a kashe turbo tana aiki a na'urori da yawa, amma ba a duka ba, musamman furosesocin Intel masu ƙwayoyi iri biyu irin su Alder Lake na 2021. Hanyar da ta fi tsafta ita ce `powercfg /setdcvalueindex scheme_current sub_processor PERFBOOSTMODE 0`, sannan `powercfg /setactive scheme_current`. Wannan na kashe turbo a kan batir kaɗai, ya bar shi idan an jona caja.

A macOS babu gwamnan da za ka zaɓa. Akwai Low Power Mode tun Monterey a 2021, kunna ko kashe, sai kuma High Power Mode a wasu manyan MacBook Pro.

Waɗanda performance ya dace da su da gaske

Ba na so a fahimce ni kamar ina cewa performance ba shi da amfani. Mai haɗa sauti da ke aiki da ɗan ƙaramin ma'ajin jira, inda sauti ke taruwa kafin ya fita, yana da 'yan milisakan ne kawai kafin sauti ya tsinke, kuma jinkirin da furosesa ke yi kafin ta hau ya isa ya jawo ƙaras a cikin rikodin. Shi ya kafe ta a sama lokacin aiki, hujjarsa ta fi ƙarfin batir. Haka uwar garke, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, wadda ake auna ta da saurin amsa kowace buƙata. A nan har barci mai zurfi akan taƙaita, domin farkawa daga gare shi na iya ɗaukar daga 'yan mikrosakan zuwa ɗaruruwa, kuma manhajar tuned ta Linux na da tsarin `latency-performance` don wannan. Mai auna saurin manhaja shi ma yana buƙatar gudu kafaffe, turbo a kashe, in ba haka ba sakamakon safe da na rana ba za su yi daidai ba don kawai zafin na'ura ya canza.

Mai wasannin kwamfuta yana tsakiya. Wasu wasannin na amfana, wasu katin hoto ne ke riƙe su ba furosesa ba. A laftof ma abin na iya juyewa, domin furosesa da katin hoto na raba wuta da hanyar fitar da zafi ɗaya, abin da ɗaya ya ci an rage wa ɗayan. GameMode na kamfanin Feral yana mayar da gwamna performance idan wasa ya fara, ya dawo da shi idan an rufe, wanda ya fi a bar shi a sama dare da rana.

Wace manhaja za ta riƙe maka saitin

Duk abin da ka rubuta da hannu a cikin `/sys` yana gogewa idan ka sake kunna kwamfuta, don haka sai an sami mai riƙewa. Power-profiles-daemon shi ne ke bayan maɓallin nan mai zaɓi uku a GNOME da KDE, fuskokin tebur na Linux. Ba shi da yawan saiti, kuma ga yawancin mutane ya wadatar. TLP ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba: yana raba saitin caja da na batir, yana taɓa USB, Wi-Fi, faifai da layukan PCIe, a wasu laftof har da iyakar cajin batir. Tuned ya fito ne daga ɓangaren uwar garke, kuma Fedora ta mayar da shi na asali a tebur tun fitowa ta 41 a 2024. Ɗaya za ka zaɓa. Idan ka haɗa biyu, kowanne zai riƙa goge abin da ɗayan ya rubuta, ka rasa gane dalilin da saitinka ke canzawa da kansa.

Abin da ya sa TLP ke iya ba da ribar da sauya gwamna bai bayar ba shi ne wancan wuri na biyu da wuta ke zuba, wato rashin barci. Ƙwayoyi na iya yin barci ɗaya-ɗaya, amma furosesa gaba ɗayanta ba ta shiga barci mafi zurfi sai duk abin da ke jone da ita ya yi shiru. Na'urar USB ɗaya, ko faifan NVMe da bai shiga yanayin tsimi ba, ya isa ya hana ta. Buɗe `powertop` ka shiga shafin Idle stats, ka duba ginshiƙin farko na hagu, inda aka jera matakan barci na furosesa gaba ɗaya, mai babbar lamba ya fi zurfi. Idan laftof na zaune ba ta komai amma duk lokacinta na ƙarewa a C2 ko C3, ba ta leƙa C8 ko C10 ba alhali furosesarta na da su, to matsalarka ba ta gwamna ba ce, kuma ko wanne ka sa batir zai ci gaba da zuba.

Gwajin da zai raba maka gardama ba shi da wuya. Cire caja, kafe hasken allo a wuri ɗaya, ka yi aikin da ka saba yi, ba wani gwajin ƙarfi ba. A wata taga ka bar `turbostat` na tafiya, ka riƙa duban `Bzy_MHz`, wanda ke nuna gudun furosesa lokacin da take aiki, da `PkgWatt`, wanda ke nuna wat ɗin da take ci. Cin wutar na'urar gaba ɗaya kuma yana cikin `/sys/class/power_supply/BAT0/power_now` a yawancin laftof, da ma'aunin mikrowat, sai ka raba da miliyan ɗaya. Canza abu ɗaya kawai a kowane zagaye, ka ba shi minti 10 ko 15 kafin ka yanke hukunci, domin turbo kan yi ƙarfi a daƙiƙoƙin farko sannan iyakar wuta ta ja shi baya. Idan ka ga gudu na faɗuwa da kansa a tsakiyar aiki mai nauyi, zafi kuma na kusa da digiri 95 ko 100, furosesar ce ke kare kanta, kuma maganin wannan yana wajen share ƙurar fanka da sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta.